Tsohon akwatin bidiyo: a gano cutar kafin a nemi magani

A garuruwan Tasawa da Mayahi, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, akwai gidaje da ofisoshi da ke ajiye da kaset-kaset na bidiyo cikin adaka ko kabad. Wasu na ɗaurin aure ne da zanen suna, wasu na wa'azi, wasu na naɗin sarauta, wasu kuma na gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka soma a Tawa cikin shekarar 1975. Da yawa daga cikin mutanen da ke magana da dariya a waɗannan kaset-kaset sun riga mu gidan gaskiya. Galibi kuwa kaset ɗaya tak ne ya rage wa iyali. Idan ya lalace, shi ke nan.

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da irin bidiyon da ake kira VHS a shekarar 1976. Ya yaɗu ƙwarai a ƙasar Hausa bayan da aka fara wasannin kwaikwayo na bidiyo a Kano, inda fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990. Daga baya faifai da wayar hannu suka ture shi. A watan Yuli na shekarar 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera wannan akwati, ya daina. Saboda haka babu sabo a kasuwa. Wanda ke da tsoho, gyara kaɗai ya rage masa.

Yadda akwatin ke aiki

Cikin kaset akwai zare mai faɗin milimita 12 da ɗoriya. Idan aka tura kaset, wasu hannuwa biyu ne ke jawo zaren, su naɗe shi a jikin wata ƴar ganga ta ƙarfe mai sheƙi. Gangar tana juyawa sau 1.500 a minti ɗaya, kuma a gefenta akwai ƙananan kawuna masu karanta hoto, waɗanda ba su kai ƙwayar gero kauri ba. Shi kuwa zaren tafiyar hawainiya yake yi, wajen santimita 2 da ɗan kai a daƙiƙa. Wani sandan ƙarfe da wata ƴar tayar roba ne ke matse shi suna jan sa. Yawancin cututtukan akwatin daga waɗannan wurare suke tasowa.

Doka ta farko: kada a gwada akwatin da ya daɗe a ajiye da kaset mai daraja. A fara da wanda ba a damu da shi ba. Doka ta biyu: a cire wayar lantarki kafin a kwance murfi, kuma kada a taɓa sashen da wuta ke shiga, domin akwai kwandansa mai riƙe wuta ko bayan an kashe.

Alamomi da ma'anarsu

Idan akwatin bai kama wuta ba sam, a duba waya da fiyus tukuna. Wutar ƙasarmu volt 220 ce, amma akwatin da aka sayo daga Amurka na volt 120 ne. Wanda ya haɗa shi kai tsaye ya ƙone shi. Hawa da saukar wuta, ko ta injin, kan kashe kwandansa. Wadda ta mutu takan kumbura a sama ko ta tsiyaye. Canza ta aikin mai gyaran rediyo ne, mai ƙarfen lanƙaya dalma.

Idan ya karɓi kaset, ya yi gurnani, sannan ya tofo shi ko ya mutu bayan ƴan daƙiƙu, sau da yawa ɗamarar roba ce ta saki. Zafin bazara yana busar da roba har ta tsattsage, ko ya narkar da ita ta zama kamar kwalta. Sai a goge wurin, a sa wata daidai girmanta. Idan roba lafiya take, to a duba wani maɓalli mai juyawa da ke ƙarƙashin injin, wanda ke sanar da akwatin matsayin da hannuwansa suke. Datti kan rikita shi, wankewa da alkol kuwa kan warkar da shi.

Idan yana cin zare, wannan ita ce cuta mafi haɗari. Dalilinta shi ne ƴar tayar da ke juya ƙafar kaset ta yi santsi, ba ta naɗe zaren da aka jawo. Kada a fizge kaset da ƙarfi. A cire wuta, a buɗe murfi, a zare zaren a hankali da hannu mai tsabta, a mayar da shi cikin gidansa.

Idan murya tana fita amma hoto ya zama kamar an watsa tsaki, kawuna ne suka toshe. Ƙurar hunturu ce babbar mai laifi a yankinmu. Maganin shi ne a jiƙa farar takarda da alkol, a ɗora ta a jikin gangar da yatsa ba tare da dannawa ba, a juya gangar da ɗaya hannun. Kada a goga sama da ƙasa, kada kuma a yi amfani da auduga: kan yana karyewa nan take, kuma samun wani sai daga mataccen akwati irinsa. A bari ya bushe sarai kafin a sa kaset.

Idan layuka ne ke ratsa hoto, a fara da maɓallin daidaitawa da aka rubuta wa Tracking.

Cutar da ba cuta ba

Akwai wanda zai ga hoto baƙi da fari, ya ɗauka akwatinsa ya lalace, alhali lafiyarsa lau. Gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, ya yi aiki da tsarin launi na Faransa mai suna SECAM, Najeriya kuwa da PAL. Don haka kaset ɗin da aka sayo a Kano ko Katsina kan fito ba launi a akwatin da SECAM kaɗai ya sani. Kwance irin wannan akwati ɓarna ce. Abin nema shi ne akwati da talabijin masu karɓar tsari biyun.

Haka kuma wani lokaci laifin na kaset ne. Danshin damina kan sa zare ya yi fumfuna, a ga fari-fari ta tagar kaset. Irin wannan yana toshe kawuna cikin ƙiftawar ido, ya kuma shafa wa sauran kaset-kaset. A ware shi, a kai wa gwani.

Abin da ya kamata a yi

Akwatin da aka gyara yau ba zai dawwama ba, zaren ma yana tsufa. Amfanin gyaran shi ne a sami damar kwafe abin da ke cikin kaset zuwa kwamfuta, ta hanyar wata ƴar na'ura da ake haɗa su da ita. Kaset na awa 3 yana cin awa 3 cif wajen kwafewa, sai an yi haƙuri. Bayan haka a ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam, shi kuma kaset a tsayar da shi kamar littafi, a inuwa, nesa da lasifika da maganaɗisu.

Ya dace magadan gari, da fadodin sarakuna, da shugabannin makarantu da gidajen rediyo na Tasawa da Mayahi su binciki abin da ke cikin kabad ɗinsu, su nemi masu gyaran da suka san wannan aiki tun suna nan, su kuma sa matasa su koya a wurinsu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.