Abin da ya kamata ɗan Najeriya a Birtaniya ya bincika kafin ya sayi motar hannu

A Kano ko Kaduna, mai son motar hannu yakan tafi da bakanike ya saurari inji, ya leƙa ƙasan mota, sai a yi ciniki. Matasan Najeriya da suka koma Birtaniya a 'yan shekarun nan, musamman masu aikin kula da tsofaffi gida-gida da ba sa iya aiki sai da mota, da yawansu da wannan sabon suke shiga kasuwa. A can kuwa takardu ne ke da hatsari fiye da inji, domin kuskure ɗaya a cikinsu na iya cinye kuɗin mutum, ya kuma kai shi gaban kotu a ƙasar da yake zaune da biza.

Abu na farko shi ne lasisi. Wanda ya koma Birtaniya da zama yana da damar tuƙi da lasisin Najeriya na wata 12 kacal. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye, kamar Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, don haka dole ya karɓi lasisin koyo daga hukumar DVLA, ya ci jarrabawar dokokin hanya da ta tuƙi. Idan wa'adin ya cika bai ci ba, doka ta mayar da shi ɗan koyo, ba zai tuƙa shi kaɗai ba.

Sai tarihin motar. A Ingila, duk motar da ta kai shekara uku ana yi mata gwajin lafiya na MOT kowace shekara, kuma da lambar mota kaɗai ana iya ganin sakamakon kyauta a shafin gwamnati, tare da nisan da ta yi a kowane gwaji. Idan adadin mil ya ragu daga wata shekara zuwa ta gaba, alama ce an taɓa mita. Takardar V5C kuma sunan wanda mota ke hannunsa take nunawa, ba hujjar mallaka ba ce. Motar na iya zama ta kamfanin da ya ba da bashin sayenta. Idan ba a gama biya ba, kamfanin na iya biyo sahunta, sabon mai saye ya koma fafutukar nuna cewa bai san da bashin ba. Idan ta sata ce, ya yi asarar mota da kuɗi. Binciken tarihi da ake biyan 'yan fam kaɗan yana fallasa waɗannan, yana kuma nuna ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaranta bai cancanta ba. Tun 2017, harafin S na nufin ƙashin motar ya taɓu a hatsari, N kuma na nufin ɓarnar ba ta kai ga ƙashi ba.

Wurin saye ma yana da tasiri. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 ta bai wa wanda ya saya daga dila kwana 30 ya mayar da mota mai matsala ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya saya a hannun wani mutum ta Facebook ba shi da wannan kariya, muddin mai sayarwar bai yi ƙarya a bayanin motar ba. Shi ya sa wasu diloli ke fakewa da sunan masu sayar da motarsu ta hawa.

Inshora ce ta fi jefa baƙi cikin rami. Kamfanoni da yawa ba sa lissafa shekarun tuƙi a Najeriya, sai kuɗin ya yi tsada, wani lokaci har ya haura farashin motar. Nan ne 'yan damfara ke shigowa da tallar inshora mai araha a WhatsApp, su ba da takardar bogi ko su cike bayanan ƙarya da sunan mutum. Wanda aka kama babu inshora zai biya tarar fam 300, a sa masa maki shida na laifi, 'yan sanda kuma na iya kwace motar. Maki shida sun isa a soke lasisin wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba. Idan maganar ta kai kotu aka same shi da laifi, dole ya bayyana hukuncin a lokacin neman zaman dindindin ko takardar zama ɗan ƙasa.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba a rubuta a jikin mota ba. Tun 2014 harajin mota ba ya bin ta zuwa sabon mai ita, sai ya biya nasa kafin ya hau titi. A Landan, tun watan Agustan 2023 aka faɗaɗa yankin ULEZ zuwa dukkan ƙananan hukumomin birnin. Motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba, galibi mai dizal da aka yi wa rajista kafin Satumban 2015, tana biyan fam 12 da rabi duk ranar da ta fita. Mai zuwa aiki kwana 20 a wata zai biya fam 250.

Duk waɗannan ana iya bincika su kafin a miƙa ko sisi: lambar mota ta isa a ga tarihin MOT, matsayinta a ULEZ da kiyasin inshora. Idan mai sayarwa ya ƙi ba da lambar, ko ya ce a haɗu a gidan mai maimakon adireshin da ke kan V5C, gara a haƙura da cinikin.