Yadda Mai Karayar Arziki Ke Shiri A Ƙasar Amurka

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai bashin da kan yi wa mutum yawa, har ya zama ko ya sayar da dukan abin da ya mallaka ba zai biya ba. Irin wannan mutum shi malaman fiƙihu ke kira muflisi. To, a ƙasar Amurka an yi wa wannan hali doka, wadda ta yarda mutum ya kai kansa gaban alƙali ya ce ya gaza, a bincike shi, a sauke masa nauyin. Bayaninmu na yau a kan wanda abu uku suka taru masa ne a lokaci guda: yana shirin kai kansa kotu, yana sake wurin aiki, ga shi kuma yana neman gidan haya. Kowane cikin ukun nan yana riƙe da ƙafar ɗan'uwansa, wanda kuwa ya gabatar da abin da ya kamata ya jinkirta, lalle zai yi hasara.

An kafa dokar da ake aiki da ita cikin 1978, aka ƙara tsananta ta cikin 2005. Ba 'yan ƙasa kaɗai ta shafa ba, har da baƙon da ke zaune can. Hanya biyu mafi yawan mutane ke bi. Ta farko ita ce Babi na 7, inda a kan naɗa wakili ya sayar da kayan mutum, ban da waɗanda doka ta keɓe masa, ya raba wa masu bin bashi, sa'an nan a yafe sauran, galibi cikin kamar wata huɗu. Ta biyu Babi na 13, inda mutum zai riƙe kayansa, amma ya riƙa biya daga albashinsa shekara uku zuwa biyar. Tun ƙarshen 2020 kuɗin shigar da takardu dala 338 ne a Babi na 7, dala 313 a na 13, ban da ladan lauya. Tilas kuma mutum ya zauna da masu ba da shawara kan bashi cikin kwana 180 kafin ya shiga kotu. Da zarar takardu sun shiga, masu bin bashi ba su da ikon damunsa ko yankar albashinsa. Sai dai akwai bashin da ba ya faɗuwa, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya, da tarar laifi, da harajin shekarun kusa, da mafi yawan bashin karatu.

Bari mu fara da sha'anin aiki, gama a nan lissafi yake. Ba kowa a kan yarda wa ya bi Babi na 7 ba. Kotu ta kan tara abin da mutum ya samu cikin cikakkun watanni shida da suka gabaci watan shigarsa, ta raba shida, kana ta gwada da matsakaicin samun iyali mai yawan mutane irin nasa a jiharsa. In yana ƙasa, ya wuce. In yana sama, sai a shiga ƙididdigar abin da yake kashewa, mai yiwuwa a tura shi Babi na 13. A misali, mutum yana ɗaukar dala 6,000 a wata, ya koma aikin dala 3,000. In ya shiga kotu bayan wata biyu, za a lissafta shi mai samun 5,000. In ya yi haƙuri wata shida suka cika, 3,000 za a rubuta. Ashe sauri kan haifi nawa. Wanda albashinsa ya ƙaru kuwa, kowane wata ya ƙara, lissafinsa hawa yake yi. Amma kada ya ce zai yi wuf ya shige ya ɓoye sabon aikin, domin takardun kotu suna tambayar albashin yau da canjin da ake tsammani cikin shekara mai zuwa, a kan kuma nemi takardun albashi na kwana 60.

Har wa yau, mai barin aiki a Amurka sau da yawa yana da ajiyar tsufa a asusun da ake kira 401(k), ranar sallama kuwa sai zuciya ta raya masa ya kwashe ya rage bashi. Wannan babban kuskure ne. Muddin kuɗin suna cikin asusun, doka ta tsare su, wakili ba ya taɓawa. In an fid da su, tsarin ya kan tafi, ga haraji, ga kuma tarar kashi goma cikin ɗari ga mafi yawan waɗanda ba su kai shekara 59 da rabi ba. Watau mutum ya cinye guzurin tsufansa wajen biyan bashin da da ma za a yafe.

Game da sabon wurin aiki, sashe na 525 ya hana gwamnati ta ƙi ɗaukar mutum don ya karye, ya kuma hana kamfani ya kori ma'aikacinsa saboda wannan dalili kaɗai. Amma kotunan ɗaukaka ƙara guda uku sun yanke cikin 2010 da 2011 cewa kamfani mai zaman kansa yana iya ƙin ɗaukarsa tun farko. Saboda haka wanda ya riga ya kama aiki ya fi mai nema tsaro. Kamfani ba shi da ikon duba tarihin bashin mutum sai da yardarsa a rubuce, jihohi kamar Kalifoniya da Ilinoi kuma sun taƙaita irin wannan dubawa.

Sai maganar gida. Masu gidajen haya a can su kan nemi tarihin bashin mai nema daga kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion. Labarin Babi na 7 ya kan zauna cikin tarihin nan shekara goma, na Babi na 13 galibi bakwai, sashen nan na 525 kuwa bai hana mai gida mai zaman kansa ya ƙi ba shi haya ba. Don haka da yawa su kan ga ya fi sauƙi a sa hannu kan yarjejeniyar haya kafin a shiga kotu. Amma in takardar neman gida ta yi tambaya, sai a faɗi gaskiya. Yarjejeniyar da kuɗin ajiyar da aka ba mai gida duk tilas a rubuta su cikin takardun kotu. Wanda ya makara kuwa, abin da kan taimake shi shi ne shaidar sabon albashi, da shaidar tsohon mai gida cewa bai taɓa jinkirta haya ba, ko wani mai tsaya masa.

Kuɗin haya shi ne abin da bai kamata a bari ya taru ba. Tun gyaran 2005, in mai gida ya riga ya sami hukuncin fid da mutum kafin ya shiga kotu, hanin da ya tsai da sauran masu bin bashi galibi ba ya tsai da shi. Wanda kuma zai ƙaura wata jiha ya lura da ƙidaya biyu. A kan shigar da takardu inda mutum ya fi daɗewa cikin kwana 180 na baya, watau sai ya yi kwana 91 a sabon wuri. Kayan da za a keɓe masa kuwa ba a bin dokar sabuwar jihar sai ya cika kwana 730 a cikinta, alhali jihohi sun sha bamban ƙwarai wajen abin da suke bar wa mutum.

Akwai wani tarko da kan kama mutanen kirki. Mutum ya ga zai karye, kunya ta kama shi, sai ya fara biyan wansa ko surukinsa da ya ranta masa kuɗin ƙaura. Doka kuwa ta ba wakili iko ya karɓo abin da aka biya ɗan'uwa cikin shekara guda kafin shiga kotu, na sauran masu bin bashi cikin kwana 90, ya raba wa kowa. Haka nan kyautar da mai bashi ya yi cikin shekara biyu, ko motar da ya juya da sunan wani, ana iya warware ta. Wanda ya ɓoye dukiya ko ya yi rantsuwar ƙarya, hukuncinsa ya kan kai ɗaurin shekara biyar. Bayan an sallame shi kuwa, ba wanda zai hana shi biyan ɗan'uwansa daga sabon albashinsa.

Saboda haka, mai wannan niyya ya ga lauya tun bai ajiye aiki ba, tun bai sa hannu kan haya ba, ya shimfiɗa masa ranakun nan duka a ƙidaya. Bisa galibi, aiki shi ne farko, gida na biyu, kotu ta ƙarshe. Ya tuna kuma wanda aka yafe wa ta Babi na 7 ba a sake yafe masa ta wannan babi sai bayan shekara takwas. Iyakar bayani ke nan.