BABUR MAI ƘAFA HUƊU: SARKI A RAIRAYI, BAƘO A TURBAR DURBA

A 'yan shekarun nan wani irin abin hawa ya fara ɗaukar hankalin samarin ƙasar nan, watau babur mai ƙafa huɗu na wasa da tsere. Waɗansu sun gan shi a wayoyinsu yana keta tuddan rairayi yana ta da ƙura, waɗansu sun tarar ana ba da hayarsa a bayan garin Dubai ko Riyad, waɗansu kuwa a bakin teku a Ikko. Da yake labari ba ya tsayawa a birni, ko a ƙauyukan Rano da Kibiya, inda babur ya daɗe da zama jakin zamani, ba abin mamaki ba ne a ji saurayi yana cewa ai mai ƙafa huɗu ya fi mai ƙafa biyu, tun da shi ba ya faɗuwa.

Wannan magana ce ya kamata a auna ta kafin wani ya zuba dukiyarsa, ko ya ɗora ɗansa a kan abin da bai san halinsa ba. Shi wannan babur hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. Abin lura kuwa shi ne, abubuwan da suka ba shi fifiko a kan rairayi su ne dai suke zame masa cikas a kan turba mai duwatsu irin ta Durba.

ASALINSA

A shekarar 1970 ne kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da wani ɗan babur mai ƙafa uku da manyan tayoyi masu taushi, ya kai shi kasuwar Amurka. Nan da nan ya karɓu, amma sai aka lura yana da saurin kifewa, ya raunata mutane da yawa, musamman yara. A shekarar 1988 gwamnatin Amurka da kamfanonin da ke ƙera shi suka yi yarjejeniyar daina sayar da sababbinsa. Kafin wannan lokaci, a 1982, kamfanin Suzuki ya riga ya fito da mai ƙafa huɗu, sa'an nan a 1985 ya fito da wanda aka ƙera musamman domin tsere. Honda ya biyo baya a 1986, Yamaha kuma ya fito da nasa mai suna Banshee a 1987, wanda ya yi suna ƙwarai a wurin masu wasa a rairayi.

Tun daga nan zuriyar ta rabu gida biyu. Akwai na aiki, mai nauyi, wanda yawanci ƙafafunsa huɗu duka suke ja, yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya, manoma da makiyaya na ƙasashen Turai da Ostareliya suna amfani da shi. Akwai kuma na wasa, wanda a kansa wannan bayani yake. Shi ƙafafun baya kaɗai suke ja, da sarƙa kamar babur, yana da kuloci da giya, ba shi da wurin kaya, kuma sirdinsa na mutum ɗaya ne. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Yamaha Raptor 700, wanda ya fito a 2006. Girman injinsa si-si 686 ne, nauyinsa kuwa wajen kilo 190. Domin mai karatu ya gane bambancin, injin babur ɗin Boxer da ake haya da shi a ƙauyuka si-si 100 ne zuwa 150.

INDA YA YI FICE

Duk wanda ya taɓa tuƙa babur mai ƙafa biyu a jigawa ya san yadda tayar gaba take nutsewa, kan babur ya yi ta karkarwa, har mahayi ya sauke ƙafa yana jan ƙasa. Mai ƙafa huɗu ba ya fama da wannan. Tayoyinsa masu faɗi ne, iskar da ake sa musu kuwa kaɗan ce, awo 4 ko 5, alhali tayar mota takan ci wajen 30. Saboda haka tayar takan baje a kan rairayi kamar tafin raƙumi, nauyi ya rarrabu, abin ya yi ta shawagi a sama maimakon ya haƙa rami. Masu wasa a tuddai sukan ƙara da sa wa ƙafafun baya taya mai haƙarƙari kamar cokula, wadda ke ɗiban rairayi tana watsawa baya.

Bayan haka ga ƙarfi ga rashin nauyi. Inji babba a jiki ƙarami yana ba shi damar ɗaukar gudu cikin ɗan taƙi, abin da hawan tudun rairayi ke bukata ke nan, domin wanda ya rage wuta a tsakiyar tudu ya tsaya. Yana da gajeren jiki kusa da ƙasa, ƙafafunsa a buɗe, don haka yana shan kwana da sauri a fili. In kuwa ya kafe, mutum biyu sun isa su ɗaga bayansa su fitar da shi, abin da ba ya yiwuwa da mota.

Babbar shaidar wannan ita ce tseren nan na Dakar. An fara shi daga birnin Paris ran 26 ga Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma shekaru da dama Hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar ita ce zakaran gwajin dafinsa. An soke tseren a 2008 saboda matsalar tsaro, aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009, daga baya aka kai shi Saudiyya a 2020. A 2009 ɗin ne aka ware wa masu ƙafa huɗu rukuninsu na kansu, baburan Yamaha kuma suka yi kaka-gida a kan kambun. 'Yan'uwan nan biyu na ƙasar Ajantina, Marcos da Alejandro Patronelli, sun ci sau biyar a tsakaninsu, Ignacio Casale na ƙasar Chile kuwa ya ci sau uku. Amma daga 2025 an cire wannan rukuni daga tseren, bayan masu shiga sun ragu, yawancin kamfanoni kuma sun juya ga ƙananan motocin jeji masu sitiyari da keji na ƙarfe da ɗamarar kujera. Wannan ma abin tunani ne ga mai sha'awa.

A Nijeriya, filin da ya dace da wannan abin hawa yana can arewa maso gabas, kamar tuddan Tulo-Tulowa a ƙasar Yusufari ta Jihar Yobe. Daga can zuwa Durba kuwa akwai tafiya, akwai kuma bambancin ƙasa.

TURBAR DURBA

Ƙasar Rano da Kibiya ƙasar duwatsu ce da marmara da fadamu. Wanda ya bi hanyoyin da suka haɗa Durba da Tarai da Fammar da cikin garin Kibiya, ko ya nufi wajen Rurum, zai ga manyan duwatsu da ƙananansu, da kwazazzabai da ruwan damina ya yanka, da turba siririya da ta ratsa tsakanin gonakin dawa da masara da gyaɗa. A nan ne lissafi ke juyawa.

Na farko, ƙafafun baya na wannan babur a kan sandar ƙarfe guda suke, suna juyawa tare. Mota tana da na'urar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, shi kuwa ba shi da ita. A rairayi wannan ba matsala ba ce, domin tayar ciki sai ta zame. A kan fako ko kwalta kuwa, inda taya ke kama ƙasa sosai, babur yakan ƙi bin kwana ya nemi miƙewa, in an matsa masa kuma ya ɗaga ƙafar ciki ya nemi kifewa. Dalili ke nan da ya sa masu ƙera shi da kansu suke gargaɗi kada a hau da shi kan kwalta.

Na biyu, a tsakiyar wannan sanda ne faifan sarƙa da faifan birki suke, kuma tsakaninsu da ƙasa bai fi tsawon tafin hannu ba. Turbar da amalanken shanu ya bi da damina tana da ramuka biyu a gefe da tudu a tsakiya. Mai ƙafa biyu sai ya zaɓi layi ɗaya ya bi, ya kauce wa dutse. Mai ƙafa huɗu kuwa dole ya haye tudun da cikinsa, dutsen da tayoyi suka kauce masa shi ne zai bugi sarƙa.

Na uku, faɗinsa ya zarce mita ɗaya. Turbar gona ta mai tafiya a ƙasa ce da jaki da keke. Idan wannan babur ya shige ta da damina, ƙafa biyu suna kan hanya, biyu suna kan kunyar wani. Abin da ke biyo bayan tattake shuka kuwa, kowane mai unguwa da dagaci ya san shi. Haka nan ƙararsa ta isa ta firgita shanu da awaki a burtali.

Na huɗu, tun da ƙafafun baya kaɗai ke ja, a taɓon fadama sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Tayar nan mai taushi kuma abinci ce ga ƙayar aduwa da bagaruwa da kututturen kara. Tankin Raptor lita 11 yake ci, injinsa kuwa ba ya wasa da mai. Ba ya ɗaukar buhu, ba ya goyon fasinja, balle a kai mara lafiya asibitin Rano a kansa.

HAƊARIN DA BA A GANI

Zancen cewa ba ya faɗuwa shi ne mafi hatsari duka. Gaskiya ne in yana tsaye ba ya bukatar a tokare shi, wannan kuwa shi ke sa wanda bai iya ba ya ɗauka ya iya. Amma tuƙinsa aikin jiki ne gaba ɗaya. A kwana mahayi zai karkata jikinsa ciki, a hawan tudu ya rungumi gaba, a gangara ya koma baya. Sirdin an yi shi da tsawo ne domin wannan zirga-zirga, ba domin goyo ba. Idan aka ɗora mutum na biyu, nauyi ya koma baya, mahayi kuma ya rasa wurin motsi, sai ƙafafun gaba su tashi a hawa.

Mai ƙafa biyu in ya faɗi yawanci yakan zube gefe ɗaya, mahayi ya zube wani gefen. Mai ƙafa huɗu kuwa birkicewa yake yi, sau da yawa ya danne mahayinsa, ga shi da kilo 190, ba keji ba ɗamara. Ko a rairayi haɗarin yana nan. Tudu yana da gefen da iska ke hawa mai sauƙin gangara, da gefe mai tsaye kamar bango, wanda ba a ganinsa sai an kai ƙoli. Saboda haka ne masu wannan wasa ke kafa doguwar sanda mai tuta a bayan babur, domin na ɗaya gefen ya hango su. A Ostareliya, inda irin na aiki ya daɗe cikin manyan sanadin mutuwa a gonaki, tun watan Oktoba 2021 doka ta tilasta a sa wa sababbinsa ƙarfen kare mahayi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa shawararta ita ce kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi.

KUƊI DA GYARA

Boxer ko Jincheng in ya lalace a Durba, bakanike yana nan kusa, kayan gyara kuma ba su wuce kasuwar Rano ba. Wannan baƙo kuwa daga waje ake shigo da shi, tayarsa da sarƙarsa da fulogi sai an nema a manyan birane ko an yi odarsu. Injinsa na ruwa ne mai lagireto, man kuma na'urar lantarki ce ke auna shi, ba kafireto da aka saba kwancewa a gindin bishiya ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri, in aka yi sakaci ƙura ta shiga inji, gyaran ya zama babba.

ABIN DA YA KAMATA

Ba laifi ba ne mai hali ya nemi abin nishaɗi, Hausawa ma sun daɗe da sukuwa da kilisa. Amma mai doki ya san filin sukuwa daban, hanyar kasuwa daban. Wanda ya riga ya mallaki wannan babur, ya nemi fili buɗaɗɗe da rani bayan an kwashe amfanin gona, da izinin masu wurin. Ya sa hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu, ya hau shi kaɗai, ya guji kwalta da kasuwa da taron biki, kada kuma ya miƙa wa yaro makulli. Hukumomin kiyaye haɗurra da sarakuna iyayen ƙasa su ma ya dace su fara faɗakarwa tun abin bai yaɗu ba, domin rigakafi ya fi magani.

Manomin Durba kuwa da ke neman abin da zai kai shi gona ya kawo masa buhu gida, babur mai ƙafa biyu da amalanke da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya sun fi masa amfani nesa ba kusa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu iya magana, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.