Wa Ya Kashe Kifin Kawu?

Washegarin Ƙaramar Sallah, ana idar da Asuba, wayata ta yi ƙara. Kawu ne. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya ce, "Zo ka ga abin da aka yi mini."

Sallar ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da Kaduna ke tafasa har cikin dare. Na same shi a bayan gida da jallabiyar barci, tsaye a bakin ɗan tafkin da ya gina da kankare shekara uku da suka wuce. Kifi biyu na shimfiɗe a kan buhu, su ne manyan tafkin, kowanne ya haura kamu guda. Ɗaya fari ne sol da jan zane a gadon baya, irin wanda Japanawa ke kira kohaku. Sauran sun yo sama sun yi cirko-cirko, suna buɗe baki suna rufewa.

Kifin koi irin na Kawu ba na miya ba ne, ko da yake daga tukunya aka cece shi. Manoman shinkafa na ƙauyukan tsaunin Niigata a Japan, wajen Yamakoshi da Ojiya, suna kiwon baƙin kifin kaf don su ci a lokacin hunturu. A farkon ƙarni na 19 sai aka riƙa samun masu ɗigon ja ko fari a cikinsu, aka riƙa ware su ana haɗa su aure. Baje kolin da aka yi a Tokyo a 1914 ne ya fito da su idon duniya, har ta kai a 2018 aka sayar da kohaku guda a Hiroshima a kan yen miliyan 203. Na Kawu ba su kama ƙafar wannan ba, amma kuɗin kowanne zai sayi tunkiya, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

"Guba aka zuba musu," in ji Kawu. Bai kama suna ba, amma idonsa na kan yaron da ke kula da lambu, wanda ya yi wa faɗa ana jajibirin Sallah. Yaron na rakuɓe jikin katanga, hannu a baya. Hajiya kuma daga ƙofar kicin ta ce baki ne: jiya gidan ya cika da baƙi, kowa na yaba kifin, ba ta ji mai cewa tubarkalla ba.

Na durƙusa na shinshina ruwan. Babu warin fiya-fiya, babu kumfa, babu maiƙo a sama. Ga kwaɗi biyu a gefen duwatsu suna harkarsu, alhali fatar kwaɗo ba ta jure guba. Sannan na tambayi kaina, wace irin guba ce za ta tsallake ƙanana ta zaɓi manya? Na ce, "Kawu, a bar maganar guba tukuna."

Mai gadi ne ya ba ni zare na farko. An ɗauke wuta wajen sha ɗaya na dare, ƙarfe ɗaya kuma ya kashe janareto kamar yadda aka umarce shi, saboda tsadar mai. Ke nan injin da ke zagaya da ruwa ya yi awa biyar a tsaye. Nan na ji kamar na kama ɓarawo da kaya a hannu. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar na sanyi: mai zafin digiri 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, ga shi zafin yana ƙara wa kifi buƙatar iskar. Gansakukar da ke samar da oksijin da rana, da dare ita ma shaƙa take yi. Shi ya sa gab da fitowar alfijir ne tafki ya fi talaucin iska, kuma babban kifi ne ke fara faɗuwa. Muka tayar da janareto, ruwa ya ci gaba da zubowa daga kan duwatsu, na shiga ciki na ci tuwon Sallah ina jin kaina gwani.

Mai gadi bai gamsu ba. Ya ce, "Yallaɓai, ai shekara uku haka muke kashe shi. Bara ma an yi zafin nan." Ban ba shi amsa ba don ba ni da ita. Da azahar, injin na aiki, ruwa na fantsama, kifin suna nan cunkushe a ƙarƙashin mazubar suna haki. Na uku ya kife a gaban idonmu.

Kawu ya shekara goma yana kiwon tarwaɗa, kuma wannan ilmin ne ya kusa ƙarasa su. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe koi cikin dare ɗaya. Wanda ya saba da ita sai ya ɗauka kifi ba ya mutuwa da sauƙi, in kuma ya yi laushi a ɓare masa kafso. Ina juyowa na gan shi da ledar ja-da-yalo, ya fara ɓarewa a cikin bokiti. Na roƙe shi arziki ya dakata in kira wata likitar dabbobi da ta yi karatu a Zariya, wadda na san tana duba gonakin kifi.

Ta ce kada a zuba magani, kada a ba su abinci, a sa gawar ƙarshe a firji ba a cikin ƙanƙara ba, a ɗebi ruwan tafkin a kwalba mai tsabta a ajiye. Sannan ta yi tambaya uku. Lita nawa tafkin ke ci? Yaushe rabon da a gwada ruwan? An kawo sabon kifi kwanan nan? Ta ukun kaɗai muka iya amsawa. Mako uku da suka wuce Kawu ya karɓi guda biyu daga Legas, daga leda sai cikin tafki.

Ta ɗan yi shiru, ta ce tana zuwa bayan La'asar.

Abin da ya sa ta shiru, kamar yadda ta gaya mana da ta iso, wata cuta ce da ake kira KHV, ƙwayar bairos da ke kama koi da 'yan uwansa kifin kaf. Ta yi ɓarna a Isra'ila a 1998, ta kuma afka wa masu kiwo a tafkin Kasumigaura na Japan a 2003. Ba ta da magani, kuma ta hanyar sabon kifin da ba a killace ba take shiga gida. Kawu ya zauna a kan kujerar roba, ya cire hula.

Amma likita ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba. Ta tsoma ma'aunin zafi: digiri 31. Cutar kuwa tsakanin 16 zuwa 28 ta fi tashi. Ta nuna wasu ƙananan jajayen kifin ado, irin na cikin kwalba, da jikokin Kawu suka saka a tafkin. "Alhaji, waɗannan cutar ba ta kashe su, amma duba, su ma haki suke yi. Abin da ya dame su a ruwan yake." Ta sa aka kamo ɗaya da koma, ta kankaro ɗan yauƙin jikinsa da gefen gilashi, ta duba a madubin ganin ƙananan halittu. Babu tsutsa, babu ƙwarin da za a ɗora wa laifi.

Sai ta ɗauko gawar daga firji, ta ɗaga murfin kumatun da ɗan yatsa. A ƙarƙashinsa akwai naman nan mai kama da haƙoran mataji, wanda kifi ke numfashi da shi. A lafiyayyen kifi ja ne wur kamar ɗanyen nama. Wannan kuwa launin shayin da aka ɗiga wa madara ne, bai ɗaya daga sama har ƙasa, babu fararen tabban ruɓewa irin na KHV. Ta duba na wanda ke da rai a koma, shi ma haka. Ta ɗan tsaga gindin wutsiyar gawar, jinin da ya fito ruwan ƙasa ne.

Daga jakarta ta fito da 'yan kwalabe kamar na maganin ɗigon ido. Ta zuba ruwan da muka ajiye a bututu biyu, ta ɗiga, ta girgiza. Na amoniya ya ɗan sauya kaɗan. Na naitirait kuwa kafin minti biyar ya rine ya koma shunayya.

Ga yadda ta warware mana. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. A cikin matatar tafki, jikin soso da tsakuwa, akwai bakteriya iri biyu masu aiki ba albashi: na farko su mai da amoniya naitirait, na biyu su mai da naitirait wani gishiri mai sauƙin illa. Idan naitirait ta taru, sai ta bi ta wurin numfashi ta shiga jini ta ɓata sinadarin da ke ɗaukar oksijin. Jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe ko da ruwan cike yake da iska. Ɗauke wutar daren jiya ƙarasa su kawai ta yi. Da ma jininsu rabin aiki yake.

"To me ya tara ta?" in ji Kawu.

"Shi nake so ku gaya mini," ta ce. "Amoniya ta sauka, naitirait ta hau. Bakteriya na farko sun farfaɗo, na biyu ba su kai ga farfaɗowa ba, don su sun fi nawa. Ke nan wani abu ya kashe su duka, kuma ba jiya ba ne. Kwana goma ne zuwa mako biyu."

Ta buɗe akwatin matatar. Sosunan fes suke, shuɗi kamar yau aka ɓare su daga leda. Kawu har ya ɗan yi murmushin alfahari. Ita kuwa ta juya ta kalli yaron, ta tambaye shi a hankali, "Ƙanena, yaushe ka wanke waɗannan?"

Ya kalli ƙasa. "Ranar sha tara ga azumi, Anti. Na fito da su duka na wanke da tiyo har baƙin ya fita, na shanya su a kan katanga, sai washegari na mayar." Ya haɗiye yawu. "Alhaji ne ya ce wari suke yi, a wanke komai tas kafin baƙin Sallah."

Babu wanda ya kalli Kawu, har da Hajiya. Baƙin dattin nan da ya ƙyamata shi ne gidan bakteriyar da suka shekara uku suna taruwa, rana ta gasa su a yini ɗaya. Sai ga Sallah, kowane yaro ya zo a miƙa masa gwangwanin abincin kifi ya watsa. Robar da ke yin mako biyu ta ƙare a yini guda. Aiki ya ninka, ma'aikata babu.

Maganin bai kai kuɗin kafson da ya ɓare ba, wanda da an zuba shi da ya ƙara kashe 'yan bakteriyar da suka rage. Gishiri ne. Sinadarin kulorayid da ke cikinsa ta ƙofa ɗaya yake shiga jikin kifi da naitirait, in ya yi yawa sai ya tare mata hanya. Ba ya cire ta daga ruwa, yana dai saya wa kifi lokaci. Gram guda a kowace lita, in ji likita. Sai ga mu mun koma kan tambayarta ta farko. Muka nemo tef ɗin tela na Hajiya: tsawo mita 4, faɗi 3, zurfi 1, lita 12,000 ke nan, gishiri kilo 12. A gidan kuwa ƙulli biyu ne na miya, kasuwa kuma ana hutun Sallah. Sai bayan Magariba na samo rabin buhu a wajen wani mai gidan burodi da ya ji tausayina. Kafin in dawo, na huɗu ya tafi. Wannan kam ba cuta ce ta kashe shi ba, awa ukun da na yi ina zagaya gari ne.

A daren muka zubar da sulusin ruwan, muka cika da na rijiyar burtsatse, ana fesa shi ta sama don ya sha iska; da na famfo ne sai an fara kashe kulorin ɗinsa. Muka narkar da gishirin a bokiti muka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Janareto ya kwana yana aiki, Kawu bai ce uffan kan mai ba. Kullum a rage ruwa, a mayar da gishiri daidai abin da aka zubar, abinci kuwa aka hana su kwana biyar cur, abin da ya fi damun Hajiya fiye da kifin. Sai a mako na huɗu bututun gwajin ya daina rinewa.

Yanzu akwai wani akwatin roba a ɗakin ajiya kusa da tafkin. A jikin murfin an rubuta 12,000 da lambar likita da baƙar maka. A ciki akwai kwalaben gwaji, ma'aunin zafi, ƙaramin injin hura iska mai batir, da garin kashe kulorin. Buhun gishiri na jingine a kan katako, ga tankin tampol a naɗe, wanda duk sabon kifi zai yi wata guda a ciki kafin ya ga 'yan uwansa. Makullin yana hannun yaron, an kuma ƙara masa albashi ba tare da an faɗi dalili ba.

Ran nan na je na tarar da shi yana wankin matata. Soso ɗaya ya ciro cikin huɗu, ya matse shi sau biyu a bokitin ruwan tafkin, ya mayar da shi da sauran baƙinsa. Kawu na tsaye a kansa, ya toshe hanci da gefen babbar riga, yana cewa, "Ya isa haka, kada ka wanke shi da yawa."