Abin da Malami da Akawu Za Su Karanta Ran Asabar da Lahadi

Kwanan baya muka tambayi waɗansu ɗalibanmu masu shirin zama malaman makaranta, muka ce duk wanda ya taɓa karance littafin Hausa guda tun daga farko har ƙarshe, ba don jarrabawa ba, ya ɗaga hannu. Hannuwan da muka gani ba su taka kara sun karya ba. Da muka koma gida muka yi wa kanmu wannan tambaya, sai kunya ta kama mu, gama mu ma mun daɗe rabonmu da dogon karatu. Wayar hannu ta saba mana da guntayen labarai, layi biyu ko uku, mutum ya duba ya wuce.

Abin da ya sa muka damu shi ne, wanda ba ya karatu mai tsawo ba ya iya rubutu mai tsawo. Akawun da aka ce ya rubuto rahoton rigimar gona tsakanin manomi da makiyayi, in bai saba ganin yadda a ke jera magana ba, sai ya sa ƙarshe a farko, shugabansa ya yanke shawara bisa kuskure. Malami kuwa abin da ke cikin tulunsa shi zai zuba wa yara. Saboda haka muka zaɓo waɗansu rubuce-rubuce domin 'yan'uwanmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, su ɗanɗana a ranakun hutu.

NA FARKO, LABARIN GIDA

Ga wanda ke jin Turanci, muna ba shi shawara ya nemi littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen nan da mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Littafin babba ne, kashi biyar, an buga shi a 1857 da 1858, amma ba mu ce a karance shi duka ba. A buɗe inda ya bar Kano cikin watan Maris na 1851 ya nufi Kukawa. Nan za a iske shi ya sauka Gumel, lokacin ba a daɗe da tasowa daga Tumbi ba. Ya bayyana garin a kan babbar kasuwar kanwa, inda fatake ke saye su kai har ƙasar Nufe, a nan ne kuma wasiƙun gida suka same shi bayan ya yi watanni bai ji ɗuriyar Turai ba. Da ya sake biyowa a 1854 ya tarar yaƙin gadon sarauta ya ɓata garin ƙwarai.

Wanda ya karanta wannan, in ya shiga kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga shanu da raƙuma suna kwararowa daga Nijar, zai gane cinikin nan tsoho ne, ya girmi iyakar da Turawa suka shata. Sai dai a tuna Barth baƙo ne, da idon baƙo ya duba. A gwama abin da ya rubuta da abin da dattawan Lautai ke faɗi game da Ɗan Juma da Ɗan Tanoma, da zaman Gumel tare da Barno, da yadda ba ta taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba. Wanda ya fi son Hausa kuwa, ga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, wanda Ofishin Fassara ya fitar a farkon shekarun 1930.

NA BIYU, LITTATTAFAN GASA

Cikin 1933 Dokta Rupert East ya sa gasar ƙaga labari da Hausa, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ko wannensu gajere ne, mutum na iya gama shi tsakanin hantsin Asabar da la'asar ɗin Lahadi.

In za a ɗauki ɗaya kaɗai, mu Shaihu Umar muka zaɓa. Labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi cikin bauta, uwarsa ta bi sawunsa har ta rasa 'yancinta da lafiyarta. Babu kwalliyar magana a cikinsa, amma ba mu san wanda ya kai ƙarshensa zuciyarsa ba ta karaya ba. Mu mutanen bakin iyaka, waɗanda kakanninmu suka sha harin Damagaram, wannan labari bai yi mana nisa ba. A lura kuma, marubucin malamin makaranta ne sa'ad da ya rubuta shi, tun kafin ya zama Firayim Minista a 1957.

NA UKU, DOMIN GYARAN ALƘALAMI

Magana Jari Ce, littafi uku, ya fara fitowa a 1937. Da yawanmu mun karanta shi muna yara, muna bin labarin aku da Musa ɗan sarki da mugun waziri. Muna roƙo a sake karanta shi da idon manya. A duba yadda Imam ke buɗe labari, da inda ya ke sa karin magana, da inda ya ke tsayawa. Akawu zai koyi tsarin wasiƙa a nan fiye da yadda zai koya a littafin ƙa'idoji.

A haɗa da Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, labarin zuwan Imam Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma ana tsakiyar yaƙin duniya. Lokacin shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a watan Janairu na 1939. A nan a ke koyon yadda mutum zai ga abin da jama'arsa ba su taɓa gani ba, ya bayyana musu shi da kalmomin gida.

YADDA ZA A YI

Wani zai ce ina lokaci, ga gonar riɗi, ga biki, ga zumunci. Gaskiya ne, amma sa'a guda bayan karin kumallo ta isa, in an ajiye waya a ɗaki. Wani kuma zai ce littattafan sun yi wuyar samu a karkara. To, malamai biyar na gari guda su haɗa kuɗi, wanda zai shiga Kano ya sayo biyar, a riƙa musaya ko wane mako. Wanda ya gama ya rubuta shafi ɗaya kan abin da ya fahimta, ya karanta wa sauran. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin shekara ta kewayo za a ga bambanci a allo da kuma cikin fayil.

Ran Litinin kuwa malami ya shiga aji da littafin a hannu, ya karanta wa yara shafi biyu, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi. Su da kansu za su zo aro. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.