Tsohuwar Bindiga Tana Ɗauke Da Shekarunta A Jikinta

A Kambaza da sauran garuruwan ƙasar Gwandu har zuwa Kalgo, ba a rasa gidan da za ka tarar da tsohuwar bindigar farauta a jingine bayan ƙyaure, wadda aka gada daga kaka ko uba. In ka tambayi shekarunta, sai wani ya ce ai tun zamanin jihadi take, wani kuma ya ce da ita aka tari Turawa cikin 1903. To, gardamar ba ta da wuyar yankewa, domin kuwa bindigar da ta fito daga masana'anta tana ɗauke da shaidarta a jikin ƙarfenta.

Da farko dai, duk bindigar da ake karyawa a sa mata harsashi ta baya ba ta ga jihadin 1804 ba, gama irinta ba ta bazu a Turai ba sai bayan 1850. Bugu da ƙari, yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Birasils cikin 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wannan yanki na Afirka, aka bar wa jama'a masu ɗuri ta baki. Ita kuwa bindigar toka da maƙeranmu ke ƙerawa, galibi ba ta da lamba ko hatimi, sai dai a nemi labarinta a bakin dattawa.

Mutane da yawa suna zaton lambar da ke jikin bindiga ita ce ke faɗin shekara. Ba haka ba ne. Kowane kamfani da irin ƙirgarsa, saboda haka lamba ba ta magana sai an gwada ta da littafin rajistar wanda ya ƙera, alal misali kamfanin W. W. Greener na Birmingham. Amma tana da wani amfani: in lambar bututu ta saɓa da ta uwar bindigar, to, haɗe-haɗe ce.

Abin dogara shi ne hatimin gwaji. A Ingila da Beljiyam doka ba ta yarda a sayar da bindiga ba sai an gwada ƙarfinta da albarushi mai yawa, in ta jure a buga mata hatimi. Gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake wannan aiki. Mai son gani sai ya fara tabbatar da babu harsashi a ciki, sa'an nan ya zare katakon gaba, ya cire bututun, ya dubi ƙarƙashinsa. A goge da mai da tsumma, a shafa alli don rubutun ya fito. Kada a sa magagari, gama shi ke cinye shaidar.

In an ga NOT FOR BALL, an gwada ta tsakanin 1875 da 1887. Kambin sarauta bisa haruffan BV da BP na Birmingham ne daga 1904 zuwa 1954, kambi bisa BNP kuwa na bayan nan ne. Tsawon mazaunin harsashi, kamar inci 2½, an wajabta rubuta shi daga 1925. Akwai kuma ɗan ƙaramin hatimi mai kama da takubba biyu a giciye da harafi a tsakani, wanda aka fara cikin 1921 da harafin A, kowace shekara da nata. In kuwa awon ya koma milimita, gwajin na shekarun 1980 ne ko bayansu.

Ta Beljiyam ana gane ta da haruffan ELG cikin wani zobe mai siffar ƙwai. In babu kambi a kansa, ta riga 1893, in da kambi, daga shekarar ne zuwa gaba. Ita kuma Baikal ta Rasha mai baki ɗaya, wadda ta yi yawa a Afirka ta Yamma, in an rubuta mata MADE IN USSR, ta fito kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a ƙarshen 1991. Sai dai a lura, hatimi yana faɗin lokacin gwaji ne. Wadda aka sake gwadawa za ta zo da hatimi iri biyu, mafi tsufa shi ne ya fi kusa da shekarar ƙira.

Daɗa, ba don gardamar zaure kaɗai wannan sani ke da amfani ba. Bindigar da ba ta da shaidar gwajin albarushin zamani, watau NP ko BNP a ta Ingila, ko zaki bisa PV a ta Beljiyam, don baƙin albarushi aka yi ta, harsashin yau yana iya tsage ta a hannun maharbi. Haka kuma mai mazauni inci 2½, watau milimita 65, tana karɓar harsashi mai milimita 70 lami lafiya, domin tsawonsa bayan ya buɗe ake aunawa. Sai an harba ne bakinsa zai rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Yatsa da ido kuwa ba su da madadi.

Sa'an nan ga batun hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasin, lasin kuwa na mutum ɗaya ne, ba ya shiga rabon gado. Wanda ya gaji bindiga sai ya rubuta lambarta da hatimanta, ya kai maganar ga 'yan sanda, kada ya sa mata harsashi sai masani ya duba ta. Wadda ta tsufa ƙwarai kuwa, a bar ta ta huta, ta zama abin nuna wa jikoki. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, amin.