WAƘA TA SAMU IDO: IRE-IREN WAƘOƘIN BIDIYO DA YADDA SUKE KAMA JAMA'A A SASUMBURUM

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Sasumburum, cikin gundumar Magarya, daga la'asar zuwa almuru, ya san wata ƴar rumfa wadda ba ta rabuwa da jama'a. Saurayi ne zaune gaban kwamfuta, ga farantin hasken rana bisa rufi, ga wayoyin salula jere ana ba su wuta. Manomi ya sayar da riɗinsa ko wakensa, makiyayi ya sayar da akuyarsa, sa'an nan kowa ya biyo ta nan ya miƙa ɗan katin wayarsa, ya ce a tura masa waƙoƙi, kuma a tabbata masu hoto ne. A biya da sefa ko da naira, domin a wannan yanki na bakin iyaka kuɗin biyu duk suna ci.

Waɗannan waƙoƙi masu hoto, waɗanda samari ke kira kilip, ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane iri da hanyar da yake bi ya kama mai kallo. Kafin mu jera su, ya kamata masu karatu su tuna yadda waƙar Hausa take tun asali. Abin taro ce. Ga mawaƙi, ga makaɗa, ga ƴan amshi, ga maroƙi yana ɗaga murya. Wanda ya zo saurare shi ma yana da nasa rabon aikin: ya yi kari a ambaci sunansa da na ubansa, mata su rangaɗa guɗa, yara su shiga fili. Da rediyo da kaset suka zo, sai suka ɗauki muryar suka bar taron. Bidiyo ya maido da ido, amma bai iya maido da taron ba. Saboda haka kowane salo na waƙar bidiyo dabara ce ta sake ba mai kallo gurbinsa a cikin waƙa, kuma salon da ya fi iya wannan dabara shi ya fi samun kasuwa.

WAƘAR FILI

Salon farko shi ne wanda gidajen tele na gwamnati suka fara. A Nijar an soma tele a shekara ta 1964 domin koyar da yaran lakkwal, kuma a 1979 Tele Sahel ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A zamanin Seyni Kountché an kai akwatunan kallo masu aiki da hasken rana garuruwa da dama, jama'a na taruwa da dare suna kallo tare. Abin da suka fi gani shi ne wasannin samariya, da bikin matasa na ƙasa wanda aka fara a Damagaram a 1976, da gasar kokowa wadda aka soma a Tawa a 1975, inda muryar Sagalo ke zuga ƴan kokowa. A ƙetaren iyaka kuma gidajen tele na Kaduna da Kano sun ɗauki Mamman Shata, da Ɗan Maraya Jos, da Barmani Coge.

A wannan salo na'ura ba ta yawan motsi. Ana kafa ta gaban mawaƙi, ta bar shi ya kai waƙarsa ƙarshe ko da za ta yi rabin sa'a, jifa-jifa ta juya ta nuna makaɗa da masu kari. Mai kallo ji yake kamar an shimfiɗa masa tabarma a gefen fili. Ba a yi masa wata ƙawa ba, magana ce ke riƙe shi: zambo, da habaici, da kirari, da jerin sunayen mutanen da ya sani ko ya ji labarinsu. Shi ya sa har yau dattawa ke neman waɗannan tsofaffin hotuna a rumfar masu turi, ko da sun dushe, domin a cikinsu ne kaɗai za su sake ganin Shata, wanda ya rasu a 1999, yana gyara hula kafin ya kama baiti.

WAƘAR FIM

Salo na biyu daga Kano ya fito, kuma shi ya fi cika wayoyin matasa. A ƙasashen Turawa waƙar bidiyo ta bunƙasa ne a matsayin tallar faifai, musamman bayan da aka buɗe tashar MTV a Amurka a 1981. A ƙasar Hausa kuwa cikin fim aka haife ta. Jama'a sun daɗe suna kallon fina-finan Indiya a gidajen silima, sun saba da labarin da ake tsayar da shi a yi waƙa da rawa. Da aka fara fina-finan Hausa na kaset da Turmin Danya a 1990, ba a jima ba wannan al'ada ta shigo. Fiyano ƙirar Yamaha ta maye gurbin kalangu da kukuma, kuma a wajajen shekara ta 2000 fina-finai irin su Sangaya da Wasila suka nuna wa masu sana'ar cewa waƙa ce ke sayar da fim. Wannan kiɗa shi ake ce wa nanaye.

Tsarinsa sananne ne. Saurayi da budurwa suna musayar baiti, shi ya faɗa ita ta mayar, a cikin lambu ko gefen ruwa ko falon wani babban gida, ana canja tufafi sau uku ko huɗu kafin waƙa ta ƙare. Da farko ba a ganin mawaƙan ainihi, ƴan wasa ke motsa baki bisa muryarsu. Daga baya mawaƙa irin su Nura M. Inuwa, da Umar M. Shareef, da Ali Jita, da Fati Nijar, wadda mutuniyar Maraɗi ce, suka fito da fuskokinsu, waƙa ta tsaya da ƙafafunta ba sai da fim ba.

Wannan salo yana kama mai kallo ta wajen buri. Budurwa takan kai wa tela waya ta ce irin wannan ɗinki take so a sallah, saurayi yakan ari baiti ya aika inda bakinsa ba ya iya faɗa. Musayar baitin kuwa ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe, domin ƴan mata sun daɗe suna yin irinta a dandali wajen gaɗa. Kari ma ya dawo da sabuwar riga: mai hali yakan biya a yi wa amarya da ango waƙa da sunayensu da na danginsu, a haɗa ta da hotunan biki.

Sai dai salon bai taɓa rabuwa da gardama ba. Malamai da iyaye sun daɗe suna kuka da rawar maza da mata tare da irin shigar da ake yi. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, kuma a 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda yadda ta fito a bidiyon mawaƙi ClassiQ. Abin lura shi ne, a yawancin waɗannan rigingimu hoton ake tuhuma fiye da kalmomin waƙar. Abin da kunne ya ji ya bari, ido ba ya yafewa.

WAƘAR BEGE

Salo na uku shi ne na masu yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tushensa majalisin ƴan bandiri da tarukan Maulidi, kuma sha'irai irin su Rabi'u Usman Baba da Bashir Ɗandago sun kai shi gidaje ta kaset da faifai. Hotonsa ba shi da wahala: sha'iri cikin farar riga, mabiya a jere suna amshi, ana gilma hoton masallacin Madina da na taron jama'a. A nan mai kallo bai tsaya a kallo ba, ɗan amshi ya zama, domin amshin gajere ne kuma ana maimaita shi har ya zauna a baki. Irin wannan bidiyo na shiga gidajen da aka hana waƙar fim shiga, ko da yake akwai malaman da ba su yarda a haɗa yabo da kiɗa ba.

GAMBARAR ZAMANI DA WAƘAR SIYASA

Salo na huɗu na ƴan birni ne. A ƙarshen shekarun 1990 samarin Yamai suka kama gambarar zamani, ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, da Wass-Wong, da Kaidan Gaskiya suna cuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Buɗe gidajen tele masu zaman kansu, kamar Ténéré da Dounia, ya ba su fili, haka kuma tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba takwarorinsu na arewacin Nijeriya. A wannan salo ana yanka hoto da sauri, ana ɗauka a kan titi ko a fadar samari gefen butar shayi, mawaƙi ya dubi na'ura ido da ido yana nuni da yatsa. Da mai kallo yake magana kai tsaye, a kan rashin aiki, da auren dole, da shaye-shaye, da tafiya cirani. Saurayin Dungas ko na Sasumburum wanda ya gama aikin damina ya ɗaura jaka zuwa Kano ko Agadas yakan ji cewa da shi ake.

Kusa da wannan akwai waƙar siyasa, wadda Dauda Kahutu Rarara ya yi fice da ita a Nijeriya. Ita ɗiyar waƙar fada ce: kirari ga gwani, zambo ga abokin hamayya, sa'an nan a cika ido da hoton cincirindon jama'a da sababbin hanyoyi, domin mai kallo ya ga kamar kowa ya riga ya bi. Tana tashe kamar wutar kara, zaɓe na wucewa a share ta a tura wata.

WAƘAR WAYA

Salo na biyar waya ce ta haife shi. Tun kafin intanet ta yawaita, waƙa na tafiya daga waya zuwa waya. Mdou Moctar, makaɗin garayar zamani ɗan Nijar, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, kuma ta katin waya waƙoƙinsa suka ratsa Sahara har suka kai kunnen masu buga faifai na Amurka. Da YouTube da TikTok suka zo, sai aka ƙara mataki. A 2020, lokacin da cutar korona ta tsare mutane a gida, waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta bazu saboda mata da yawa sun ɗauki kansu suna taka ta gaban mazansu, abin da ya jawo surutu mai yawa. A nan mai kallo ya shiga fili da kansa, shi ne ɗan rawa, shi ne mai ɗaukar hoto. Wannan hanya ba ta san shinge ba. Da Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan Yuli na 2023, kaya sun tsaya, amma waƙa ba ta kwana a iyaka ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Abin da ke yawo a waya guntu ne wanda bai kai minti ɗaya ba, don haka wasu mawaƙa sun koma neman gaɓa ɗaya mai daɗin rawa, sauran baitoci kuwa ko oho. Waƙar da a da ake auna ta da nauyin magana yanzu ana auna ta da yawan waɗanda suka kwaikwayi takunta.

INA NAMU?

Abu biyu ya kamata su dame mu. Na farko, kuɗin da ake biya a rumfa na mai turi ne, ko dala ba ta kai wa mawaƙin, duk da cewa akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai. Mawaƙin da bai ci daga aikinsa ba dole ya jingina da biki da masu hannu da shuni, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na biyu ya fi nauyi. Yaron Sasumburum yana iya kallon waƙa ɗari a wayarsa bai ga ko fuska ɗaya ta garinsu ba. Ya san titunan Kano da Kaduna da Yamai, alhali kuwa gangar noma da ake kaɗa wa manoma a gayya, da kalangun mahauta, da kirarin ƴan kokowar kaka, da kiɗan sharo na Fulanin yankin, da waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda injin niƙa ke kashewa a hankali, ba safai ake ɗaukarsu ba. Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram ya samu waɗanda suka ɗauki muryarsa, shi ya sa ta wanzu bayansa. Makaɗan ƙauye da yawa sun tafi da nasu kabari.

Ga shi kuwa na'urar da a da sai gidan tele ke da ita yau tana aljihun ɗan kabu-kabu. Abin da ake bukata kaɗan ne: a nemi izinin mai waƙa, a matso da waya kusa domin murya ta fito, a bar shi ya kai ƙarshe ba a yanke ba, a nuna ƴan amshi da taron, a faɗi sunansa da garinsu da shekara. Sa'an nan a ba shi goronsa, a kai kwafi rumfar masu turi da gidan rediyon karkara mafi kusa. Malaman lakkwal da shugabannin fadojin samari na Magarya da Dungas suna iya soma wannan aiki a kakar bana, tun tsofaffin da suka san waƙoƙin suna raye. Allah ya ba mu ikon yi.